Lofen da Na Kushe

Ban taɓa shan taba ba, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya kai labari gida Kano. Amma ina tara lofe, tukunyar tabar nan ta itace. A ɗakin da nake haya a unguwar Xiaobei, nan ƙasar China, akwai guda goma sha ɗaya jere a kan kanta, babu wanda wuta ta taɓa shiga cikinsa. Itacen nake so. Wasu na tara agogo, wasu huluna, ba a ce musu komai, ni kuwa da an ga nawa sai a hau tambayata ko lafiya.

Mai sassaƙa su wani tsoho ne ɗan China, a wani lungu a Liwan, bayan kasuwar da nake sarin fitilu. Shagon bai fi mutum uku su zauna ba. Ba kowane itace yake aiki da shi ba, sai saiwar wata 'yar bishiya da ake kawo masa daga ƙasashen bakin Bahar Rum, wadda aka dafa aka shanya shekara da shekaru, don ba ta saurin cin wuta. In ya ɗauki gunduwa sai ya tsoma yatsa a ruwa ya shafa, zanen cikin itacen ya fito, sannan ya yanke shawarar inda zai huda. Wani lokaci ya kwana goma yana aiki, ana gab da gamawa ɗan rami ya ɓullo a jiki, sai ya jefa shi kwando ko tsaki ba ya yi. Ni nake yi masa tsakin.

Da waya muke magana. In faɗa da Hausa ko guntun Turancina, ta juya masa, shi ma ya faɗa ta juyo mini. Ina ce masa lawban, wato maigida, shi ma haka yake ce mini.

Wannan lofen da nake ba da labarinsa, tun yana gunduwa na san shi. A gabana aka jiƙa shi, na ga layuka sun miƙe tsaye ɗoɗar daga gindi har baki, ƙarƙashinsa kuma ɗige-ɗige kamar jikin zabo. Sati uku ina zuwa ina kallon yadda yake fitowa. Ranar da ya goge shi da kakin zuma ya miƙo mini, na karɓa na ƙura masa ido. Raina ya biya yadda bai taɓa biyawa a kan wani abu ba.

To, ni ɗan kasuwa ne, jikan ɗan kasuwa. Tun ina tsaron shago aka koya mini cewa abin da kake so ba ka nuna kana so. Sai na juya shi, na taɓe baki, na ce wa wayar ta gaya masa wuyan ya ɗan karkace. Bayan kwana biyu na dawo na ce ya yi nauyi. Na uku na ce launin ya yi duhu, kuma na ga wanda ya fi shi a wani wuri. Ƙarya nake yi, ban ga komai ba. Duk wani mai kanti a Xiaobei ya san wannan wasan, zai yi dariya ya ce meyo, wato babu ragi, a ci gaba da ja. Tsohon bai yi dariya ba. Ya karɓa ya daɗe yana duban wuyan, ya mayar cikin aljihun tebur. Na fita ina murna, a zatona farashi ya fara saukowa.

Sai tsautsayi ya sa na kai wani abokina. Mutumin Maraɗi ne, wandunan jins yake sara a Xintang, tare muke cin abinci kusan kullum. Bai san lofe ba bai san mai lofe ba, burga kawai na kai shi in yi masa. Na sa aka fito da shi. Bawan Allahn nan ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe baki.

"La ilaha illallahu! Alhaji, mutum ne ya yi wanga da hannu nai?"

Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ko a jikinsa. Ya ɗaga wa tsohon babban yatsa, ya yi ta shiyeshiye, godiyar mutanen China, kamar an ba shi kyauta, har ya roƙi a nuna masa wuƙaƙen sassaƙar. A hanya na yi masa tas, na ce ya ɓata mini cinikin sati guda. Ya ce, "Yi haƙuri Alhaji, abin ne ya yi kyau."

Na ƙudurta zan ɗauke ƙafa kwana bakwai don abin ya huce. Ran na takwas na shiga lungun da shirin saye, ko nawa aka ce. Ina ɗaga labule na tarar da mutumin Maraɗi a kan kujerar da nake zama, kofin shayi a gabansa. Tsohon ya sa shi ya damƙi lofen, yana zagaya yatsunsa da fensir. Sannan ya karɓa ya hau goge wurin da takardar yashi, a hankali, ya mayar masa ya sake damƙa.

Kaina ya yi zafi. Na ce, "Kai, me ke nan?"

Abokina ya miƙe tsaye. "Shi ya kira ni, Alhaji. Ya ce kai ba ka so."

Na fizgo waya na tambayi tsohon. Amsar da ta fito ban manta ta ba. Ya ce sau uku na nuna masa aibin lofen, kuma shi ba ya sayar wa mutum abin da yake ganin aibinsa, kunya yake ji. Ya ce in ƙara masa lokaci, zai yi ƙoƙari ya yi mini wanda wuyansa bai karkace ba. Wuyan da ya fi kowane wuya miƙewa! Na buɗe baki in ce ƙarya nake yi tun farko, na kasa, abokina na tsaye. Na ce na gode, na fita.

Na yi ƙyashi, ba zan ɓoye ba. Wata guda cur ina cin abinci da mutumin nan raina na tafasa. Shi ma ba ya shan taba, a aljihu yake yawo da lofen, in an gama ci ya fito da shi yana shafawa, 'yan Nijar su kewaye shi suna yabawa. Ni da na san sunan itacen, na san yadda ake dafa shi, ina gefe ina haɗiyar yawu. Na fara ganin laifin yadda yake tauna nama. Har na ce wa wani wandunansa na zuba, alhali ban taɓa wanke ko ɗaya ba. Allah Ya yafe mini wannan.

Wata Juma'a bayan an sauko, ya biyo ni har ɗaki. Ya ciro lofen naɗe a hankici ya ajiye a kan gado.

"Alhaji, ka rame. Ɗauka, naka ne. Ni ɗan kasuwa ne, tun ranar farko na san so kake. Tsohon ne bai sani ba, ni kuma na yi shiru, ban kyauta ba."

Ban yi wani fulako ba. Na kai hannu na damƙe shi da sauri kada ya canja shawara. Sai na ji bai zauna ba. Na juya shi, na sake kamawa, babban yatsana na neman wurin kwanciya yana zamewa. Can ɗaya gefen na ji ɗan kwarmin da tsohon ya goge, santsi kamar cikin cokali. Abokina bahago ne. Shekara shida muna ci a faranti ɗaya da hannun dama, ban taɓa lura da wane hannu yake riƙe abin da yake so ba.

Na gwada da hagu, yatsuna sun fi nasa gajarta. Na naɗe shi a hankicin na miƙa masa. Ya ce haba Alhaji. Na ce ya tafi da shi, kuma don Allah ya daina fito da shi in muna cin abinci.