Bunu Mai Jan Fenti da Ɗakin 'Yar'azumi

Bunu ɗan Gana magini ne, kuma duk wanda ya girma a unguwarmu, can gangaren da ke kallon kogi, ya san Gana. Asalinsu mutanen Barno ne. Kakansu ya zo Haɗeja daga wajen tafkin Chadi da fataucin kanwa, ya ga wurin zama ya zauna. Gana bai bi fatauci ba, gini ya kama. Shi ya jera azarar ɗakin da nake ciki, har yau ba ta motsa ba. Bunu ya tashi yana kwaɓa masa ƙasa yana miƙa tubali. Da mutane suka koma ginin bulo, aikin ya ja baya, sai ya samu aikin lebura a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma. Ya fi shekara ashirin a can. A hankali manyansa suka lura yana da kunnen bango, suka riƙa tura shi duba gine-gine.

Kayan aikinsa ba su da yawa. Tsohon babur ne, da gwangwanin jan fenti ɗaure a baya, da buroshi, da 'yar guduma da yake sakawa a aljihun riga har aljihun ya zazzago. In ya zo gini sai ya bi gindin bango yana ƙwanƙwasawa, ya kara kunne. In bai yarda da abin da ya ji ba, ya kai magana ofis. Wata injiniya da ake kira Adila ta zo ta duba, ta sa hannu a takarda, shi kuma ya ja jan layi biyu a gicciye a jikin bangon. Daga ranar kwana bakwai ake ba mutum. In suka cika bai fita ba, hukuma tana da ikon fitar da shi ta rushe, ko da za a zo da ɗan sanda.

Ba aikin da ake son mai yinsa ba ne. Akwai benen da wani ɗan kasuwa ya fara ɗorawa kusa da masu kifi, Bunu ya ɗauki bulo ɗaya ya murtsuke shi da hannu a gaban magina, ya zube kamar garin tuwo. Aka tsayar da ginin. Mai benen ya daina amsa masa sallama har a masallaci. Masu shayi kuwa in ya wuce sai su ɗaga murya: "Likitan katanga, yau wa za a yi wa allura?" Shi kuma ya ce, "Teburinka ma ya karkace, ka gode wa Allah ba gini ba ne."

Maƙwabciyata 'Yar'azumi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mijinta Malam Shu'ibu mai bandar kifi ne. Gidan ba wani gida ba ne: ɗaki ɗaya na ƙasa, da tsakar gida, da rumfar kwano a can ƙarshe inda yake banda tarwaɗa. 'Ya'yansu mata ne, duk suna gidajen mazajensu. Shekarar da ruwa ya shigo mana, ya kwana ashirin a lungunmu yana kai wa gwiwa. Ruwan na janyewa Malam Shu'ibu ya sayo siminti ya shafe ɗakin ciki da waje, da hannunsa, don kada ruwan baɗi ya ci ƙasar. Mutane da yawa sun yi haka a shekarar. Nasa ya fi na kowa kyau, sumul, har ya sa farar ƙasa. Gab da faɗuwar damina ta gaba ya kwanta ciwon kwana shida, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

'Yar'azumi ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Ni na riga ta shiga wannan hali da shekara tara, don haka ni nake zama da ita da rana, in kai mata abin da ya samu.

Saura kwana arba'in ta fita, cikin tsakiyar damina, Bunu ya shigo lungunmu. Ya tsaya a ƙofata ya dubi tsagar da ke jikin bangona, wadda ta daɗe tana hana ni sukuni. Ya ƙwanƙwasa, ya tura yatsa ciki, ya ce, "Yaya Larai, wannan tsufa ne kawai. A cusa mata ƙasa in rani ya yi." Ya wuce gaba. A bangon 'Yar'azumi ya daɗe. Ya buga sama, ya buga ƙasa, ya durƙusa ya kara kunne. Ni da nake tsaye na ji ƙarar da kaina, kamar an buga ƙwarya a kife. Washegari ya dawo da injiniya, kafin azahar jan fenti ya hau farar ƙasar Malam Shu'ibu.

Mutanen lungu suka taru. Bakari, ƙanen mamacin, ya zo daga gonarsa ta shinkafa da taɓo har gwiwa.

"Kai Bunu, idonka lafiya kuwa? Ga bangon Larai nan ya buɗe baki kamar kada, ka tsallake shi, ka zo ka shafa wa sabon gini jini?"

"Sabon shafe dai, Bakari. Ginin ya girme ka."

"To siminti ba ƙarfi yake ƙarawa ba?"

"In ƙasar ta bushe. Yayanka ya rufe ta tana jiƙe. Tana shan ruwa ta ƙasa, ba ta da inda za ta fitar. Na Yaya Larai yana shan iska. Wannan kuwa simintin ne kaɗai a tsaye, abin da ke bayansa ya zama kunu, kuma azara a kansa take."

Bakari ya juya ya dubi bangon, don shi ma ya shafe nasa da siminti.

Mai takaba ba ta fitowa gaban maza, don haka ni na zama 'yar aike. Bunu yana tsakar gida, ita tana bayan labule, ni ina bakin ƙofa, ko da yake kowa yana jin kowa.

"Larai, ki gaya wa ɗan Gana, a ɗakin nan Malam ya cika, a nan zan gama masa takaba. Saura kwana talatin da tara. In na fita su zo su rushe har da ni."

"Yaya Larai, ki ce wa Inna ina yi mata gaisuwa. Ki ce bangon ba zai kai kwana talatin da tara ba. Ruwa biyu masu ƙarfi sun ishe shi."

"Ki tambaye shi, shi ne yake saukar da ruwan?"

"Ki ce mata a'a, amma na ga gabas yau da safe."

"Ki ce masa na san shi tun yana yawo ba wando yana bin ubansa da ƙwaryar ruwa. Yau shi ne zai kore ni daga ɗakin mijina da buroshi."

Bunu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ki ce mata haka ne, ta san ni."

Bakari ya ce ta koma gidansa, akwai ɗaki. 'Yarta da ke aure a Kafin Hausa ta bugo waya tana kuka, ta ce a sa ta a mota a kawo ta. Ta ƙi duka. A wajenta, in ta kwana ɗaya a wani gida takabar ta lalace, ta ci amanar Malam. Aka kira liman. Ya zauna a tsakar gida ya yi mata bayani a hankali, cewa shari'a ta yarda mai takaba ta tashi in ana tsoron gini ya faɗo mata, kuma ba za ta sake ƙirga daga farko ba. Ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya. Da ya tafi ta ce mini, "Liman ya faɗi abin da aka yarda. Ni ba rangwame nake nema ba."

Na san yadda kwanakin nan suke. Mutum ba shi da sauran abin da zai yi wa wanda ya tafi sai zaman, shi ya sa yake riƙe shi da ƙarfi.

A kwana na huɗu aka yi ruwa tun hantsi har la'asar. Da ya ɗauke Bunu ya zo a jiƙe, ya miƙo mini gudumarsa.

"Ni ba zan shiga ba. Ki je bayan gadonta, kamu ɗaya daga ƙasa, ki buga a hankali. A hankali fa."

Na shiga na ja gadon. Bugu biyu na yi, simintin ya ɓalle kamar ɓawon ƙwai, faɗin faranti. Jar ƙasa ta biyo baya tana gangarowa a jiƙe, da warin rijiya. Na tura hannu, ya shige har wuyan hannu ban taɓa abu mai tauri ba. 'Yar'azumi tana zaune a tabarma da carbi tana kallo. Sannan ta ce, "Mayar da gadon." Na mayar.

Bunu bai tafi ba. Na fito na same shi yana auna tsakar gida da taku, daga gindin bango zuwa rumfar banda. Ya auna sau biyu. Ya girgiza turakun rumfar ɗaya bayan ɗaya, na ƙarfe ne, ya ɗaga kai ya dubi kwanon da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin.

"Yaya Larai, ki ce wa Inna ba sai ta bar gidan Malam ba. Ko bangon ya faɗi ba zai kawo nan ba. In ta yarda in kewaye rumfar nan da zana, ta ƙarasa kwanakinta a ciki."

Daga bayan labule ta ce, "Ki ce masa ni ba tarwaɗa ba ce."

Duk da haka washegari ya zo da zana shida a kan a-daidaita-sahu. Shi da Bakari suka fitar da ragar banda da itatuwa, suka kankare toka, suka zuba yashi suka ɗaga ƙasan da kamu guda saboda ruwa. Suka ninka zanar biyu-biyu, suka sa leda ta gefen gabas. Ba aikin ofis ba ne, ba wanda ya sa shi. Ta ji duk abin da ake yi, ba ta leƙo ba. Kwana na shida ya wuce, na bakwai ya wuce, tana ɗaki. Ni kuwa ko gajimare na gani sai gabana ya faɗi.

Rana ta takwas da safe Bunu ya zo da lebura biyu da diga da shebur, da takarda a hannu. A bakin lungu, ƙarƙashin dalbejiya, ya bar ɗan sanda ɗaya a zaune a kan benci. Mata suka leƙo ta kan katanga. Ya yi sallama ya tsaya inda ya saba tsayawa.

"Yaya Larai, ki ce wa Inna kwanakin sun cika. Yau ba zan koma in bar mutum a ɗakin nan ba. Ban zo da wasa ba, kuma ban zo da raini ba."

Na shiga na gaya mata, na kuma gaya mata abin da ke bakin lungu, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ta ajiye carbin.

"Ɗan sanda? A ƙofar Malam?"

"Yana can bakin lungu, bai ƙaraso ba."

"Shekara arba'in da ɗaya muna gidan nan, ko mai unguwa bai taɓa aiko mana ba." Ta ɗaga murya yadda ba sai na kai saƙo ba. "Bunu! Ka sallami mutumin nan ya tafi. In ya tafi zan fito. Amma ba don kai ba."

"To, Inna."

Ya fita da kansa. Muka ji tashin babur ɗin ɗan sandan. Da ya dawo sai shi da leburorin da Bakari suka juya baya suka fuskanci katanga. Ta lulluɓa ta fito, Alƙur'anin Malam a ƙirjinta, ta taka tsakar gidan ba ta dubi kowa ba, ta shige rumfar. Mu mata muka kwashe gado da akwati da kwanuka.

Daga sama suka fara. Suka sauke azara ɗaya-ɗaya, Bunu yana jera su a gefe don za su sake amfani. Da nauyin ya sauka, bangon bayan bai jira diga ba. Lebura ɗaya ya dafa shi da kafaɗa, ya tafi gaba ɗaya, ba ƙara sosai, ba ƙura ko kaɗan. Bakari ya tsaya yana kallon tulin jar laka, can ya ce, "Bunu, in ka gama ka biyo ta gidana da gudumar nan."

Kwana talatin da biyu ta yi a rumfar banda. An yi ruwa mai yawa, wani lokaci feshi ya shigo sai mu matsar da tabarma. Duk abin da ta sa warin kifi yake, har carbin. Ba ta taɓa yin ƙorafi a kan wannan ba. Wata rana ma na same ta ta jingina kai da turken rumfar, inda hayaƙi ya fi kamawa, idonta a rufe, sai na koma ban yi sallama ba.

Da rani ya yi, surukanta suka haɗu suka tayar mata da ɗaki a kan tsohon wurin, da azarar da aka sauke. Bunu ya zo ya duba tushen, ya ce a bar shi ya sha iska kafin a shafe. Har yanzu yana aikinsa, gemunsa ya yi fari, ana cewa saura kaɗan ya yi ritaya. In sun haɗu a lungu yana gaishe ta, ta amsa a taƙaice ta wuce.

Ranar da ta fita takaba, a gidan mijinta ta fita, kwanakinta cif. Aka yi waina da gumba na sadaka, aka raba gida-gida har bakin titi. Ni nake zubawa a kwanuka. Na ɗauki ɗaya na ce, "Wannan na gidan Bunu ne?"

Ta ce, "Ajiye. Ba shi a ciki."

Na ajiye.