Yadda Tafkin Alhaji Ya Shanye Famfon Sadaka

Gyaran famfo ne sana'ata. Ban yi nisa a boko ba, a hannun wani maigidana na koya, kuma na ci abinci da ita a gidajen Nasarawa GRA shekaru masu yawa. Akwai aiki ɗaya da har yau in na tuna shi raina yake ɓaci. Da farko da wasu nake fushi, amma da na zauna na yi lissafi sai na ga rabona a cikin fushin ya fi na kowa.

Gidan wani Alhaji ne, ɗan kasuwa. Yana da rijiyar burtsatse da babban tanki a sama, kuma tun zamanin mahaifiyarsa aka fitar da famfo ɗaya ta jikin katanga, sadaka ga duk mai bukata. Iyalan masu gadi da na kuku na layin a nan suke ɗiba. 'Yan garuwa ma sukan turo kura tun daga Tudun Murtala. Mai kula da famfon wani dattijo ne, maigadin gidan, mutumin Jigawa, kowa Baba yake ce masa. Shi yake raba faɗan layi, shi yake ɗaure kan famfon da roba in ya fara yoyo. In na shigo da akwatin kayan aiki sai ya ce ga injiniyan nan da ba ya zuwa sai an sauke tukunya.

A bayan gidan akwai tafkin ninkaya. Ban taɓa ganin mutum a cikinsa ba. 'Ya'yan Alhaji suna karatu a waje, sai hutu suke zuwa. Amma dole kullum ya kasance cike, shuɗi, don baƙi su gani ta tagar falo. A da, Baba ne yake jan tiyo ya ƙara masa ruwa in ya ragu. Alhaji ya ga wata na'ura a wata tafiya, ya ce yana son tafkin ya riƙa cika kansa.

Aikin ba wani abin mamaki ba ne. Ƙaramin akwati ake binnewa a gefen tafki, a haɗa shi da tafkin ta bututu yadda ruwan cikinsu zai tsaya daidai da juna. A cikin akwatin akwai ƙwallon roba irin na tankin banɗaki. In ruwa ya sauka, ƙwallon ya sauka, ya buɗe hanya. In ya cika, ya taso, ya rufe.

Laifina na farko ƙiwa ce. Tankin gidan mafita biyu gare shi: ta ƙasa ta gida ce, ta sama kuma ta famfon katanga. An yi haka ne don gida kada ya rasa ruwa. Kamata ya yi in ba tafkin tasa mafitar can sama da duka biyun, ya sha abin da ya yi saura. Amma wannan na nufin hawa ƙarfen da tankin yake kai da rana, da tone daɓe mai tsawo. Sai na yanka bututun gida da ke kusa na haɗa. Laifi na biyu gaggawa: na huda jikin tafkin na zura bututu, na shafe da siminti, ban jira ya bushe yadda ya kamata ba na saki ruwa, don ina da wani aiki a Gama. Alhaji ya ga ƙwallo yana hawa yana sauka, ya yi dariya, ya ce aiki ya yi kyau.

Da bazara ta kama, sai aka kira ni. Na tarar da jarkoki jere a bakin katanga, famfo ba ko ɗigo. Mata suna zaune a inuwar darbejiya da yara a goye. Baba ya tare ni a ƙofa, ya ce tun da na sa abin nan famfonsa yake yin safiya kawai, kafin hantsi ya ɗauke. Na ce masa zafi ne, ko'ina ruwa ya yi ƙasa.

A ciki Alhaji yana faɗa. Injin jan ruwa yana aiki wuni guda, man janareta yana tafiya, tanki ba ya cika, ga mutane suna cewa ya hana sadakar mahaifiyarsa. Direbansa ya riga ya raɗa masa cewa Baba yana sayar wa 'yan garuwa ruwa da sassafe.

Na je na buɗe murfin akwatin. Na ɗaga ƙwallon da hannu, ruwa ya tsaya. Na sake shi, ruwa ya ci gaba da zuba, siririn sauti, ba ya yankewa. Duk wanda ya yi wata ɗaya a wannan sana'a ya san ma'anar wannan. Ƙwallon lafiyarsa ƙalau, tafkin ne yake yoyo. Ciyawar da ke gefen da na huda ta yi kore shar, alhali sauran ta bushe. Da a ce har yanzu da tiyo ake cikawa, da Baba ya lura tun makon farko cewa tafkin yana shan fiye da ƙima. Na'urar da na sa ita ta rufe asirin yoyon: duk abin da ya tsiyaye ƙasa, sai ta mayar a ɓoye. Tana jan tanki ƙasa da mafitar famfon katanga, gida yana samu, tafki yana samu, mutanen waje suna zaune.

Na ga wannan duka a tsaye. Na mayar da murfi. Alhaji ya tambaye ni ko daga aikina ne.

"Alhaji, aikina lafiya lau. Sai dai a duba ta wajen ƙofa."

Ban ambaci sunan kowa ba. Na daɗe ina lallashin kaina da wannan. Amma mutum ɗaya ne a ƙofa.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. Ba wanda ya ce a kashe ruwan tafkin na kwana biyu a gani. Tafkin da kwaɗo ma ba ya shiga. Abin da aka yi shi ne aka sa wa famfon katanga kwaɗo, aka kira dattijon da ya yi shekaru yana tsaron gidan, aka tsayar da shi a gaban direba da kuku ana tambayarsa nawa yake sayar da kura. An ce bai yi rantsuwa ba, bai yi musu mai tsawo ba. Ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki butarsa ya tafi tasha.

An rufe famfo, Baba ya tafi, tanki bai cika ba. Ruwa ba ya tsami banza. Aka sake kirana, kuma wannan karon katangar bayan gida ta fara jiƙewa daga tushe. Ba imani ne ya buɗe bakina ba, kada in yi wa kaina ƙarya. Ƙasa ce ta riga ta tona asirin. Na rufe ruwan akwatin, na ajiye bokiti cike a matakalar tafki, na yi alama a jikin bokitin da jikin tafkin. Washegari bokiti ya ragu kaɗan, abin da rana ta sha, tafki kuwa ya sauka fiye da tafin hannu. Na nuna wa Alhaji, na faɗa masa hudar tawa ce, haɗin ma nawa ne, kuma na sani tun ranar da na buɗe murfin akwatin.

Ya dube ni, ya ce Allah ya kyauta, in gyara. Na ce Baba fa? Ya ce an riga an ɗauki wani, amma zai aika masa da wani abu. Daga nan ya koma maganar ko tayil ɗin jikin tafkin da zan fasa za a samu irinsa a kasuwa.

Na tone, na sake liƙe hudar, na jira ta bushe. Na hau ƙarfen da na guje wa, na ba tafki mafitarsa can sama da ta kowa. Na cire kwaɗon famfo da hannuna. Kafin in haɗa kayana layin jarkoki ya dawo.

Na karɓi lambar Baba a wajen kuku na kira shi. Yana gona, ina jin iska a wayar. Na faɗa masa komai, na ce Alhaji zai iya mayar da shi in na matsa. Ya ce a'a, damina ta kusa, ya riga ya yi sharar gona, kuma ba zai sake tsayawa a ƙofar da aka tambaye shi kuɗin kura ba. Na roƙe shi gafara.

Ya ce, "Alhaji na yafe masa, bai san famfo ba. Kai kuwa, injiniya, ka sani. Ka bar ni tukuna."

Ban sake kiransa ba, don ya ce in bar shi. Lambar tana nan a wayata.