Akwatin Malam Lawali

Yau Talata. Shekara da shekaru ina yawo ofis-ofis da littattafan Malam Lawali a hammata, ina roƙon a buga su ko da kaɗan ne. Ba wanda ya taɓa ce mini a'a. Kullum sai dai in dawo bayan kasafin kuɗi, ko oga ya yi tafiya. Na tsufa a kan bencin jiran nan.

Da safen nan labari ya iske ni a Wurno. Malam Lawali ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ga wanda bai san shi ba, malamin aji ɗaya ne a Rimawa, ni kuma na taɓa zama mai duba makarantun yankin. A can na fara ganin abin da yake yi. Sai ya yanka kwalin sabulu ya manna farar takarda, ya zana dabba a kowane shafi da kalma biyu ko uku a ƙasa, sannan ya ɗinke da basilla da zaren buhun albasa. Akwai jakin da ya ƙi ɗaukar albasa sai an ce masa sannu. Akwai akuyar da ta ci harawar maƙwabci ta ce iska ce. Yara suna dariya, ba su san karatu suke yi ba.

Jikata ta ƙi makaranta har muka gaji da ita. Ya aiko mata da littafin bushiya, ya ce a bar mata shi ta kwana da shi. Da shi ta fara haɗa baƙi.

Yayansa, Alhaji Modi, bai taɓa yarda da zanen mai rai ba. Don a zauna lafiya, Malam Lawali ya riƙa jan siririn layi a wuyan kowace dabba, wai hoton bai cika ba ke nan. Yara sukan tambaye shi, "Malam, wa yay yanka akuyag ga?" Sai ya ce, "Ba a yanka ta ba, sarƙa ce ta sa."

Rabona da shi tun bayan ƙaramar sallah, a zaurensa, inda akwatin littattafansa yake. Ya rame. Na ce zan sake komawa ofis. Ya yi dariya ya ce, "Yaya Ummaru, ka bar wahal da takalminka. In dai akwatin na nan, wani na zuwa."

Matarsa Saratu ce ta kira ni yau. Bayan ta faɗa mini rasuwar sai ta rage murya. "Yaya, ka yi sauri. Alhaji ya ce a hito da akwatin."

Na tari kabu-kabu. Mai mashin ya ƙi bin gajeriyar hanya ta daji, kowa ya san dalili, sai muka zagaya. Ina kiran Alhaji Modi, sabis yana ɗaukewa. Da ƙyar ya shiga.

Na ce, "Alhaji, don Allah ka dakata in iso. Ka ba ni su, alhakin a wuyana."

Ya ce, "Malam Ummaru, kai za a tambaya ko shi? In anka ce mai shi hura musu rai, mi zai ce? Ƙanena ne. Ba ni bari shi kwan kabari da kayan ga bisa kai."

Na ce akwai malaman da suka sauƙaƙa a kan abin koyar da yara, mu je mu tambaya tare. Ban sani ba ko ya ji. Waya ta yanke.

Ko da muka iso an dawo daga maƙabarta. Ban samu sallarsa ba. Bayan rumbu na ga hayaƙi, Alhaji Modi yana tsugune da sanda a hannu yana juya toka, hawaye har gemu. Ya ɗago ya ce mini, "Na sauke mai."

Shi abin da ya ga zai ceci ɗan'uwansa ya yi. Fushina yana kan mutanen ofis waɗanda tun da rana suka fara sa hoton marigayi suna rubuta "gwarzon ilimi", alhali a kan teburinsu na ajiye littattafan nan suka ɗora musu kofin shayi.

Allah Ya gafarta wa Malam Lawali, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa yaran da ya koya wa karatu su zame masa haske. Allah Ya ba Saratu da Alhaji Modi haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa shi a addu'a.

Na tambayi Saratu ko akwai wanda ya rage a aji ko a hannun wani. Ta ce da ciwo ya tsananta ya sa an tattaro su duka, har na jikata, don ya gyara ɗinkinsu. Duk suna cikin akwatin. Ba kwafi ko ɗaya.