Burodin da Baba bai ɗanɗana ba

Ina tsaye da faranti, Baba ya ɗauki burodin ya shinshina.

Ya yi alkawari in ya ci ya ji daɗi, zai bar ni in koyi gashi wurin maƙwabciyarmu wannan hutun. Asabar uku ina gwadawa a tukunya da yashi, sai yau ya tashi.

"Mi kinka sa ciki, ɗiyata?"

"Tafarnuwa da ɗoɗɗoya, Baba."

"Haba! In ja mutane salla da warin tafarnuwa?" Ya mayar da burodin cikin faranti a hankali.

Daga masallaci ya wuce Argungu yankan shinkafa. Sai an koma makaranta zai dawo.

Kunya ta hana ni cewa ya tafi da guda. Da ku ne, kun iya buɗe baki?