Ranar da Inna ta ƙi ganina a Hunkuyi

Mun tashi da asuba daga Saulawa, ni da ƙanena da Innarmu, a tsohuwar motata da ba ta tashi sai an lallashe ta. An daɗe yanar ido na cin idanun Inna: na dama ya yi fari fat, na hagu kuma hazo-hazo. Mun ji likitocin ido sun zo Hunkuyi, amma sai wanda aka duba aka ga jijiyar idonsa da rai za a yi wa aiki. Da wannan fargabar na kama sitiyari.

A Ikara muka sha koko da ƙosai. Tsadar wake ta ƙanƙantar da ƙosan har na fara zargin ni ma yanar ce ta kama ni. Daga nan ramukan hanya suka yi ta gaisawa da ƙashin bayana, babu wanda ya bari na wuce bai tambayi iyali ba. A Makarfi kuwa rake ne ko'ina, manyan motoci sun yi lodi har sun ranƙwafa. Inna ta ce ba ta gani, amma tana jin ƙamshin mazarƙwaila, dole muka tsaya.

Hantsi ya yi muka shiga ƙasar Kudan, muka tarar da tsofaffi cike da harabar asibiti. Aka auna wa Inna jini da suga, lafiya lau. Da muka shiga wurin likita ta kasa ganin allon bango, sai ya ce in tsaya gabanta in ɗaga yatsu.

"Mama, yatsu nawa kika gani?"

"Ban ga komai ba."

Na matso, na matso, har ina jin numfashinta. Idonta na ƙasa, ta ce babu kowa a gabanta. Fuskar likita ta sauya, ni kuma na ce a raina shi ke nan, idon hagun ma ya tafi.

Sai ƙanena ya fashe da dariya. "Likita, ai Yaya ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kallonsa gaban mutane ba."

Aka kore ni gefe, ƙanena ya tsaya ya ɗaga yatsu. Nan take Inna ta ce, "Uku. Kuma ka yanke farce."

Likita ya haska mata tocila ta sama da ƙasa da gefe, ta nuna duk inda hasken ya fito. Aka ɗiga mata magani, ya leƙa da na'ura, ya auna ƙarfin idon. Ya ce yanar ido ce kawai, ta ƙosa, amma jijiyar da ke bayanta lafiya. Mako mai zuwa za a fara da na dama. Ajiyar zuciyar da na yi sai da labule ya motsa.

Bayan la'asar muka iso gida. Na koyi cewa farin ido ba shi ne mutuwar ido ba, a kai tsoho a duba shi tun da wuri, kuma ɗan fari ya tsaya wajen mota. Muna sauka Inna ta kama hannun ƙanena ta ce, "Gaya wa wancan ranar aikin ya zo. Amma ya tsaya ta bayana."