Sau Ɗaya Aka Tambaye Ta

Daeng Kanang ta yi shekara ashirin da shida tana faɗa da mijinta, da ya mutu kuma ba ta ga dalilin dainawa ba. Duk ranar da jirgin da take yi wa girki ya tsaya a tsibirin Bonelangga, sai ta bar baƙi suna ɗaukar hoton rusassun gidaje, ta nufi maƙabarta. Ta share kabarin, ta karanta Fatiha, sannan ta gyara zama ta ɗora daga inda suka tsaya. Ta ce masa ga abin da taurin kansa ya jawo. Kowa ya tono matattunsa ya kai tudu, shi kaɗai ne ya bar wasiyya kada a taɓa shi, wai a nan aka binne cibiyarsa. To ga teku nan ya iso daf da ƙafafunsa, sai ya tashi ya kore shi.

Ba ƙiyayya ba ce, irin zamansu ke nan. Allah bai ba su haihuwa ba, faɗan nan suka rena har ya girma. In gari ya waye ba a ji muryarta tana kiransa malalaci ba, sai maƙwabta su leƙo su ji ko lafiya. Shi kuwa mijin, Daeng Nompo (a wajenmu Daeng laƙabin girmamawa ne ga mace ko namiji), yana zaune yana gyaran koma, sai ya yi dariya ya ce da bakinta injin ne, da tuni kwalekwalensa ya kai su Makka. A lokacin Bonelangga gari ne na gida ɗari biyu, da masallaci, da rijiya biyu, da filin ƙwallo.

Rijiyoyin ne suka fara yin gishiri. Daga nan bishiyoyin kwakwa suka bushe a tsaye, teku ya cinye filin ƙwallon, ya shiga gidajen layin farko. Hukuma ta ba mutane fili a babban tudu, suka riƙa tafiya gida bayan gida, kowa da kwanon rufinsa a cikin kwalekwale. Daeng Nompo ya ce shi ba inda za shi. Ciwon ƙirji ya cika masa alkawari, ya rasu a kan tabarmarsa, aka binne shi a gefen maƙabartar da ke kallon yamma. Bayan ta gama takaba ta bi jirgi na ƙarshe zuwa birnin Makassar, ta sauka a gidan 'yar yayarta.

An yi mata tayin aiki a wani gidan abinci kusa da kasuwa, ga inuwa ga famfo, ta ƙi. Ta zaɓi kicin ɗin wani jirgin katako mai ɗaukar baƙi takwas, kicin ɗin da in ta juya sai gwiwar hannunta ta bugi tukunya. Kwana shida jirgin yake yi yana zaga tsibirai da garuruwan bakin teku, ya dawo ya huta, ya sake ɗibar wasu. Dangi suka ce tsufa ya fara taɓa ta. Ita dai ta ga takardar tafiyar, ta sa an karanta mata, ta ji cewa a rana ta huɗu jirgin yana tsayawa awa biyu a Bonelangga. Abin da aka rubuta shi ne ƙauyen masunta da aka yi watsi da shi, mai kyau ga masu son hoto.

A shekararta ta shida a jirgin ta tarar ruwa ya kwashe kaburburan da ke gaban na mijinta, ramukan da aka tone ma sun shafe. Ranar ba ta yi masa faɗa ba. Ta koma jirgi ta sami matuƙin, Daeng Tompo, wanda abokin marigayin ne tun suna tsalle cikin ruwa tsirara, ta ce katanga za ta yi ta kewaye kabarin. Ya dube ta, ya dubi teku, ya ce katanga ba ta tare wannan. Ta ce ba shawara ta zo nema ba, hannu take nema.

Haka suka yi duk tsawon lokacin aikin, daga Afrilu har Nuwamba. Kowace tafiya tana ɓoye rabin buhun siminti a ƙarƙashin buhunan shinkafa. In baƙi sun bazu, sai ita da matuƙin da bakaniken jirgin su tsinto bulo daga gidajen da suka faɗi, su kwaɓa, su ɗora layi biyu ko uku kafin a busa usur. Tafin hannunta ya tsage, gwiwoyinta suka kumbura, abinci dai bai taɓa yin latti ba. Gefe uku suka tashi har ƙugu. Saura gefen da ke fuskantar teku, wanda shi ne dalilin aikin gaba ɗaya, shi kuma ba ya ginuwa sai ruwa ya ja baya sosai don a sami haƙa tushe. Daeng Tompo ya duba lissafinsa ya ce ruwan zai ja baya yadda ake so da hantsin rana ta huɗu a tafiyar ƙarshe. Bayan wannan tafiya iskar yamma za ta sauka, ba jirgin katakon da zai sake fita sai bayan wata huɗu.

Kamfanin jirgin yana da wata al'ada da yake alfahari da ita: baƙi ne ke zaɓen hanya. Kullum bayan karin kumallo jagoran tafiyar, Irwan, ƙanen matar mai jirgin, mutum mai tsabtar riga da zaƙin Turanci, zai faɗi wurare biyu a ɗaga hannu. Shekara shida ba a taɓa samun abin da ya yi takara da Bonelangga ba, domin babu komai a wannan yankin. Sai da safiyar nan wani masunci ya kira ta rediyo ya ce an ga manyan kifayen nan masu ɗigo-ɗigo, waɗanda ɗaya ya fi kwalekwale tsawo kuma ba sa cin mutum, har uku suna yawo a arewa. Bonelangga tana kudu. Ba a haɗa biyun a rana ɗaya.

Aka ɗaga hannu. Huɗu suka zaɓi kifi, uku suka ce suna son ganin ƙauyen tunda shi aka rubuta musu. Saura mutum ɗaya, wata dattijuwar Baturiya mai suna Marit, tsohuwar malamar makaranta. In ta bi masu ƙauye an yi kunnen doki, doka kuma ta ce in an yi haka abin da ke rubuce ake bi.

Marit mutuniyar kirki ce, wannan shi ne abin takaicin. Tun ranar farko take zama a bakin kicin tana taya Daeng Kanang ɓare albasa, suna hira da hannu da dariya. Ta san matar 'yar Bonelangga ce, ba ta dai san zancen kabari ba, domin ba a ɗora wa baƙo irin wannan nauyi. Ta ce ba za ta ɗaga hannu ba sai ta ji daga bakin mai garin. Irwan ya leƙa kicin ya ce, "Daeng, fito, ana kiranki."

Ta fito tana goge hannu da gefen zani, mutum takwas suna kallonta. Irwan ya fassara mata. Baƙuwar tana tambaya, garinta ne, tana so a je? In tana so, can za a tafi.

A wajenmu ba a karɓar abu a tayin farko. Ko yunwa za ta kashe ka, in an ce bismilla sai ka ce ka ƙoshi. A sake, ka ce wallahi yanzu ka ci. Sai a na uku, in mai gida ya kama hannunka, sannan ka zauna, ya san kana da kunya, kai ma ka san da gaske yake. Da wannan aka rene ta, da shi ta yi aure, da shi ta karɓi aikin nan ma. Balle a ce ita mai girki ta buɗe baki a gaban baƙin da suka tsallako duniya ta ce a fasa musu abin da suke so saboda ita. Ta sunkuyar da kai ta yi murmushi.

"Ce mata ba komai a can, sai yashi da matattun itatuwa. Su je su ga kifinsu."

Ta tsaya tana jiran a sake tambaya. Ta ma riga ta shirya amsa ta biyu, da ta uku, wadda za ta ce to, tunda sun matsa.

Irwan ya fassara kalma da kalma, bai ƙara ba bai rage ba. Irwan ɗan ƙasar nan ne, uwarsa ma haka take yi, ya san abin da ya ji. Ya kuma san abin da ke ƙarƙashin buhunan shinkafa. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Amma baƙin da suka ga manyan kifaye su ne ke komawa gida su yabi kamfani, sai ya sunkuya yana latsa wayarsa. Marit ta dafa kafaɗar Daeng Kanang, ta ce ta gode da ta gaya mata gaskiya, ta ɗaga hannu ta bi masu kifi. Aka yi tafi.

Daeng Tompo yana jin komai daga inda yake tuƙi, amma matuƙi ba ya sa baki a zaɓen baƙi. Ya juya jirgi arewa. Da Daeng Kanang ta kai masa kofi bai karɓa ba.

"Kanang, bakinki ciwo yake yi? Bakin da ya hana Nompo barcin safe shekara ashirin da shida, yau ne ya ga damar yin kunya?"

"Ai sau ɗaya ta tambaya, Daeng."

"Su sau ɗaya suke tambaya. Shekara shida kina ba su abinci, kin taɓa ganin wanda ya ce ya ƙoshi alhali yana so?"

Ta ce in ta koma ta faɗa yanzu fa? Ya ce ta je. Ta kai bakin ƙofa, ta hangi baƙin sun riga sun sa tabaran ninƙaya suna ta murna, Marit tana shafa mai a hanci. Sai ta juya. Komawa ta ce abin da ta faɗa ɗazu ba haka ba ne, a gaban mutane, ya fi ƙarfinta, ta kuwa tsani kanta saboda haka. Ta shiga kicin ta ɗora mai a wuta. Da hantsi ya yi, lokacin da ruwa ya ja baya a Bonelangga, tana soya ayaba ta mutum takwas.

Kifayen sun zo, har huɗu ma. Marit ta fito daga ruwa tana kuka don daɗi, ta rungume Daeng Kanang da jiƙaƙƙen jiki, ta sa Irwan ya gaya mata cewa ita ta ba ta wannan rana.

Kwana biyar da dawowarsu iskar yamma ta sauka. Daeng Kanang ta bi tashar kwalekwale tana neman wanda zai kai ta, duk wanda ta tambaya sai ya nuna mata teku ya ce yana da 'ya'ya. Simintin ya sha danshi a bayan ɗakin 'yar yayarta ya zama dutse. Wata huɗu ta yi tana jin kwanon rufi yana kaɗawa, in iska ta tsananta sai ta ajiye abin da ke hannunta ta kasa kunne. Ta rame har zobenta ya riƙa zamewa. Yaran gidan suka daina tambayarta me ya faru.

Da Afrilu ya zo an cire Bonelangga daga takardar tafiya, don masunta sun ce ba sauran wurin sauka. Daeng Tompo bai nemi izinin kowa ba, a rana ta huɗu ya ce wa Irwan injin yana son hutu, ya karkata kudu. Teku ya ratsa tsibirin ya raba shi biyu. Masallaci babu, gidaje babu, sai tulin yashi biyu da kututturan kwakwa. Inda maƙabarta take ruwa ne kore, mai zurfin gaba biyu, yana kwance lafiya lau. Ko bulo ɗaya na katangar ba a gani, yashi ya rufe ko igiyar ruwa ta ja.

Ya kashe injin. Daeng Kanang ta fito da ɗan kwando na yankakken ganyen ƙamshi da furanni, ta tsaya a gefen jirgi tana duba nan, tana duba can.

"Daeng, ina ne?"

Da ginshiƙin masallaci yake gane wurin, ginshiƙin kuma ya tafi. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya miƙa hannu ya nuna wani wuri kusa da wani kututture, ya ce, "Nan ne." Ta watsa ganyen, ta ɗaga hannu ta yi addu'a. Baƙin sabbi ne, ɗaya ya tambayi Irwan a hankali ko bikin gargajiya ne, ko an yarda a ɗauki hoto.

Bayan mako biyu suka sake biyowa. Kututturen ma ya tafi. Daeng Tompo ya kashe injin, ta fito da kwandonta, ta yi masa tambayar. Ya nuna wani wuri da ya fi taku ɗari nesa da na farko, ya ce nan ne. Ta dubi wurin, ta dube shi, ya kawar da kai yana gyara hularsa. Ta ce Allah ya saka masa da alheri, ta watsa ganyen a nan ɗin ma.