Kanwa a Motar Alhaji

Maigidana bakanike ne. Ya daɗe yana kwance inji a garejinsa na bakin titi a Azare, kuma ban taɓa ganin abin da ya hana shi cin tuwo ba sai wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere, gajera har kana tsoron ta taka dutse. Ta wani Alhaji ce mai gona da shanu a Gololo. Ni ɗanwake nake sayarwa a cikin gida, ban san komai a mota ba sai kujerar baya. Amma duk matar bakanike tana koyon sana'ar ta kunne, ko tana so ko ba ta so.

Karon farko da aka jawo motar, ta ɗauki zafi ne a hanya, salansa na fitar da farin hayaƙi. Da Malam, maigidan nawa, ya zaro sandar auna baƙin mai, sai ya ga man ya koma kamar kunun gyaɗa. Ya bayyana mini cewa tsakanin kan injin da gangar jikinsa akwai wani faifai da ake kira gaskit, shi ke raba ruwa da mai da wuta, kowa ya bi hanyarsa. In ya ƙone, sai su cakuɗe. Ya sa sabo, ya cika lagireto da koren ruwan nan na kanti, Alhaji ya tafi yana sa albarka.

Ba a yi wata uku ba motar ta dawo da ciwonta. Wannan karon Malam ya kai kan injin Kano aka goge shi ya yi sumul, ya sayo sababbin notuna, ya ɗaure su da ma'auni ɗaya bayan ɗaya. Ya duba fanka, ya duba famfon ruwa, ya canza murfin lagireto. Da ta sake dawowa karo na uku, ruwan na ɓulɓulo da kumfa, Alhaji bai ko amsa gaisuwa ba. A gaban jama'a ya ce jabun kaya ake sa masa, kuma zai kai ƙara wajen shugabannin ƙungiyar makanikai.

Na ji zafin maganar nan ƙwarai. Mutumin da ko washa, ɗan zoben ƙarfen nan na noti, ya cire a motar wani sai ya zuba a leda ya miƙa wa mai ita, shi ake kira maha'inci. Kuma a garin nan in aka ce bakanike na sa jabu, ba sai an rufe masa gareji ba, motocin ne za su daina tsayawa. Kwana biyu kawai da maganar, wani tsohon abokin cinikinsa ya wuce shi ya kai motarsa gaba.

An sa zaman ranar Asabar. Ranar Juma'a da safe Malam ya ɗauro kan injin a babur ya shigo da shi gida, ya shimfiɗa buhu a tsakar gida ya zauna yana kallonsa kamar mai jinya. Na ce masa in dai kallo ke gyara mota, ya matsa in taya shi, idona ya fi nasa. Bai yi dariya ba. Na ajiye masa kwanon ɗanwake, na tsuguna don in janye buhun daga hanyar ruwa, a nan idona ya faɗa kan ƙarfen.

Gefen ƙananan kafofin da ruwa ke bi duk ya yi ƙuraje, ramuka ƙanana kamar an tsattsaga da allura, ga wani farin gari ya daskare a ciki. Na san wannan fuskar. Na shiga madafa na ɗauko tukunyar silbar da nake jiƙa kanwar ɗanwake, na kifa ta kusa da shi, sannan na juya cikinta. Ramukan iri ɗaya ne, farin ma iri ɗaya. Ita ce ta uku da kanwa ta cinye mini.

"Malam, wannan ƙarfen da tukunyata ba dangi ɗaya ba ne?"

Ya ce dangi ɗaya ne, duk alminiyam. Ya ce ya ga ramukan tun karo na biyu, ya ɗauka tsufa ne. Amma wa zai zuba kanwa a mota? Na ce wannan kuma ban sani ba, ni dai na san aikin kanwa in na gan shi. Ya kankaro farin garin da farce ya ɗora a harshe, ya tofar. Can ya ce duk sanda motar ta dawo ba ya samun koren ruwan da ya zuba, sai fari. Ya ɗauka Alhaji ƙari yake yi da na famfo in ta tafasa, bai taɓa tambaya ba. Ya tashi ya wanke hannu ya cinye ɗanwaken tas.

Abin da ya faru a zaman, daga bakinsa na ji wani, sauran daga matar maƙwabcinmu, wadda mijinta mai walda ne kuma yana wurin. Malam bai kare kansa ba. Tambaya ɗaya ya yi wa Alhaji cikin ladabi, wane ruwa motar ke sha. Alhaji ya gyara zama, ya ce ai ba ya barin wannan koren ruwan da bai san abin da aka haɗa a ciki ba. Da ya isa gona yake tsiyaye shi ya zuba na rijiyarsa, garau da shi, wanda Fulani ke koro shanu daga nesa su sha don yana sa su ƙiba. Wani dattijo a cikin shugabannin ya tambaye shi ko ya san abin da ke sa shanun son ruwan. Alhaji ya ce kanwa ce mana. Bai rufe baki ba ya ji abin da ya faɗa.

Malam ya nuna musu yadda ruwan ya ci bakin kafofin har gaskit ya rasa inda zai zauna, ko da daga kamfani aka ɗauko shi. Maganin shi ne wani kan injin, a wanke hanyoyin ruwan duka, rijiya kuma a bar wa shanu. Alhaji mutumin kirki ne, zafin rai ne kawai. Ya miƙe tsaye, ya ce inda ya ɓata sunan a nan zai wanke shi, ya nemi gafara a gaban kowa.

Sai shugaban ya yaba wa Malam, ya ce wannan ido sai wanda ya tsufa a sana'a. Mijina da ba ya son surutu, da ya yi godiya ya zauna, ba wanda zai sani. Amma ya ce:

"Ba ni na gano ba. Maiɗakina ce."

Aka fashe da dariya, ana tsammanin barkwanci ne. Ya jira har suka gama, fuskarsa ba wasa.

"Sau uku ina buɗe injin nan ban gani ba. Ita kallo ɗaya ta yi masa. In akwai yabo, can za a kai."

Ina tsame ɗanwake daga tukunya lokacin da maƙwabciyar ke ba ni labarin. Na ce mata hayaƙi ne ya shigar mini ido. Ta dubi murhun, ta ce gawayi ne fa, ba ya hayaƙi. Na ce to na ji, alfahari nake yi, da shi da ni kaina, ta bar ni in yi.